Tun Ran Gini Ran Zane: Tarihin Ainod da Ƙarewarsa a Ƙananan Faifai

Akwai wata matsala da ke ruɗa ɗalibin kwamfuta ranar da ya fara cin karo da ita a kan Linux. Ya zo ajiye fayil, na'ura ta ce babu sauran wuri. Ya duba faifan da umarnin df, ya tarar ko rabinsa bai cika ba. Ya goge wani ƙaton bidiyo, ya samu damar ajiye fayil ɗaya tak, sai saƙon ya sake dawowa. Amsar tana bayyana ne idan ya ƙara harafi ɗaya a umarnin, ya rubuta df -i. Nan zai ga wani lissafi na daban ya kai ɗari bisa ɗari. Abin da ya ƙare shi ne wanda masana ke rubutawa inode, a furta shi ainod.

Misalin da ya fi kusa shi ne na katin asibiti. Gadaje na iya kasancewa babu kowa a kansu, amma idan katin da ake yanka wa marasa lafiya ya ƙare, ba za a kwantar da kowa ba. Wanda ya zo da ciwon kai kati ɗaya yake ci, wanda zai yi wata uku a kwance shi ma kati ɗaya. Haka fayil yake. Ko girmansa harafi ɗaya ne ko gigabayit goma, ainod ɗaya yake ɗauka. Folda ma tana ɗaukar ɗaya, haka fayil ɗin da ba a rubuta komai a cikinsa ba. Abin da ya mai da wannan lamari matsala shi ne, a tsarin fayilolin da yawancin masu Linux ke amfani da shi, ana buga katunan ne gaba ɗaya ranar da aka yi wa faifai fomatin, ba a kuma ƙara bugawa. Dalilin haka yana cikin tarihin da ya haura shekara hamsin.

A farkon shekarar 1969 cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Murray Hill, a jihar New Jersey ta Amurka, ta janye daga aikin Multics, wani gagarumin tsarin sarrafa kwamfuta da take ginawa tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric. Waɗanda suka saba da jin daɗin wannan tsari suka wayi gari babu abin da za su yi aiki da shi. Uku daga cikinsu, Ken Thompson da Dennis Ritchie da Rudd Canaday, suka zauna gaban allo suna zana yadda ya kamata a tsara ajiyar fayiloli a kan faifai. Thompson ya ba da labari daga baya cewa da suka gama, Canaday ya ɗauki wayar tarho ya karanta bayanan ga sashen da ke buga takardu, washegari takardun suka dawo da sababbin kalmomin a karkace, domin mai bugawa bai taɓa jin irinsu ba. Waɗannan takardu ne suka zama jagorar aikin. A cikin wannan shekara Thompson ya aiwatar da zanen a kan wata tsohuwar na'ura, PDP-7, da ke ajiye babu mai amfani da ita sosai. Tsarin da aka sa wa suna Unix a 1970 daga nan ya tsiro, kuma tsarin fayiloli ne aka fara ginawa kafin sauran sassan.

Dabarar da suka zo da ita ita ce raba sunan fayil da bayanin fayil. Folda ba ta ɗauke da komai sai jerin sunaye, kowane suna da lamba a gefensa. Lambar ce ke kai mutum ga wani ɗan gurbi a cikin dogon jeri, inda aka rubuta mai fayil ɗin, da wanda aka yarje wa karanta shi ko rubutu a ciki, da girmansa, da lokacin da aka taɓa shi, da adireshin tubalan faifai da ke ɗauke da abin da ke cikinsa. Wannan gurbi shi ne ainod. Suna ba ya cikinsa, shi ya sa fayil ɗaya ke iya amsa sunaye biyu ko goma a folda daban-daban, kuma ba ya mutuwa sai an goge sunan ƙarshe. Game da harafin farko na kalmar, maƙalar da Ritchie da Thompson suka rubuta a kan Unix ta danganta shi da kalmar Ingilishi mai nufin lambar jeri, ko da yake da aka tambayi Ritchie bayan shekaru masu yawa ya nuna shi ma hasashe yake yi.

Me ya sa aka ƙayyade yawan gurbin tun farko? Sai an dubi na'urorin zamanin kafin a zarge su. PDP-11 ta farko da suka samu a 1970 tana da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 24, faifanta kuwa rabin megabayit ne, wanda bai isa ɗaukar hoto ɗaya na wayar yau ba. A irin wannan ƙunci, duk abin da za a iya samu da lissafi ya fi wanda sai an yi bincike. Idan gurbin duka girmansu ɗaya ne kuma suna jere daga wuri sananne, lambar ainod kaɗai ta isa a san inda yake: a raba, a ƙara, an iso. A bugu na shida na Unix, na 1975, faifai yana rarrabe zuwa tubala masu bayit 512. Tubali na farko na tayar da na'ura ne, na biyu yana ɗauke da bayanin faifan gaba ɗaya, daga na uku jerin ainod ke farawa, kowane ainod bayit 32, guda 16 a tubali. Inda jerin ya ƙare nan filin ajiya ya fara. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta motsi, domin abin da ke bayanta an riga an raba wa fayiloli. Shigarwar folda kuma bayit 16 ce: 14 na suna, 2 na lamba. Lamba mai bayit biyu ba ta wuce 65,535, saboda haka wannan ne rufin yawan fayilolin faifai ɗaya, komai girmansa.

A cikin rubutun wannan bugu na shida, wanda John Lions na jami'ar New South Wales a Ostireliya ya yi wa sharhin da ɗalibai suka daɗe suna kwafa hannu da hannu, akwai wani ɗan abu da ya bi mu har yau. Idan tubalan ajiya suka ƙare, zuciyar tsarin tana buga saƙo a allon mai kula da na'ura cewa wuri ya ƙare. Idan ainod ne ya ƙare, tana buga wani saƙon na daban da ke faɗin haka ƙarara. Amma shirin da ya nemi ajiye fayil lambar kuskure ɗaya ake mayar masa a duk halin biyu, wato 28, mai nufin babu sauran wuri a na'ura. Mai kula da na'ura yana ganin gaskiya, mai amfani kuwa ana ba shi rabinta. Linux ta gaji wannan lamba da ma'anarta, kuma ita ce ke sa ɗalibin yau ya ɓata awa guda yana goge manyan fayiloli alhali ƙanana ne suka cinye shi.

Da faifai suka girma, aibin tsohon tsarin ya fito. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kawo misalin faifai mai megabayit 150, inda megabayit 4 na farko ainod ne, sauran 146 kuma ajiya. Duk fayil ɗin da za a karanta, sai hannun faifan ya je can farko ya ɗauko ainod, ya dawo tsakiya ko ƙarshe ya ɗauko abin da ke ciki. Sun auna sun ga tsarin yana cin moriyar kashi kaɗan ne cikin ɗari na saurin da faifan ke iya bayarwa. Marshall Kirk McKusick da William Joy da Samuel Leffler da Robert Fabry suka tsara sabo, wanda ya fito cikin 4.2BSD a 1983, suka kuma wallafa bayaninsa a 1984. Sun ƙara girman tubali zuwa bayit 4,096 ko fiye, sun ba suna damar kai harafi 255, sannan suka yanka faifai zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa ɗan jerin ainod kusa da filin ajiyarsa. Sauri ya ninka sau da yawa. Amma yawan ainod ya ci gaba da zama abin da ake yankewa ranar fomatin, sai dai yanzu an ba shi ƙa'ida: ainod ɗaya ga kowane bayit 2,048 na faifai. Marubutan sun bayyana cewa suna sa ran wannan ya zarce duk abin da za a taɓa buƙata.

Wannan lamba ita ce zuciyar batun. Hasashe ce a kan matsakaicin girman fayilolin da ba a riga an rubuta ba. Idan fayilolin suka zo sun fi hasashen girma, filin ajiya zai riga ƙarewa, a bar ainod da yawa ba a taɓa ba, asarar kuma kaɗan ce. Idan suka zo ƙanana, ainod zai riga ƙarewa, sauran filin ya zama na kallo.

Waɗanda suka fara shan wuyar wannan a fili su ne masu kula da Usenet, hanyar musayar saƙonni da Tom Truscott da Jim Ellis suka ƙirƙiro a jami'ar Duke a 1979. Kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa, yawanci kilobayit kaɗan, kuma suna kwarara dare da rana daga ko'ina. Injinan da ke kan System V na kamfanin AT&T, waɗanda suka riƙe tsohon tsari mai lambar bayit biyu, sukan ci karo da rufin dubu sittin da biyar komai faɗin faifan da aka saya. Masu kula da su suka koyi ware wa saƙonnin ɓangare na musamman, su yi masa fomatin da ainod mai yawa. Daga baya manhajar INN ta kawo hanyar zuba saƙonni cikin 'yan manyan fayiloli da ake zagayawa ana rubutu a kan tsofaffi, aka huta. Alamar wancan zamani tana nan har yau a fayil ɗin saitin fomatin na Linux, inda akwai wani nau'in faifai mai suna news, da ainod ɗaya ga kowane bayit 4,096.

Linux kanta da aro ta fara. Lokacin da Linus Torvalds ya fitar da ita a Helsinki a 1991, tsarin fayilolin Minix take amfani da shi, na Andrew Tanenbaum, wanda aka yi don koyarwa: ɓangaren faifai ba ya wuce megabayit 64, suna ba ya wuce harafi 14. Bafaranshe Rémy Card ya rubuta ext a 1992, sannan ext2 a farkon 1993, yana bin sawun Berkeley wajen yanka faifai rukuni-rukuni. Stephen Tweedie ya ƙara littafin ajiye sawun canje-canje, aka samu ext3 a 2001, wanda ya rage doguwar dubawar da ake yi bayan ɗaukewar wuta. Aka ayyana ext4 a matsayin abin dogaro a Disambar 2008. Theodore Ts'o ne ya daɗe yana riƙe da kayan aikin wannan zuri'a, ciki har da mke2fs mai yin fomatin. A duk waɗannan sauye-sauye ba a taɓa ginshiƙin 1969 ba. A ext4 ma, daga lambar ainod ake cire ɗaya, a raba da yawan ainod na kowane rukuni, a san rukunin da matsayin. Goma na farko a keɓe suke. Lamba 2 ce uwar folda duka, 11 kuma yawanci ta foldar lost+found ce, inda ake tara tsintuwa bayan gyaran faifai.

Hasashen ne kawai ya yi ta sauyawa. Daga 2,048 na Berkeley, mke2fs na shekarun 1990 ya ɗauki 4,096, daga baya 8,192, sannan 16,384 wajajen 2008, lokacin da girman ainod ɗin kansa ya tashi daga bayit 128 zuwa 256. Dalili a bayyane yake: hotuna da waƙoƙi da fina-finai sun ja matsakaicin girman fayil sama, kuma a faifai mai terabayit, miliyoyin ainod da ba a amfani da su suna cin wuri suna kuma tsawaita aikin dubawa. Ƙarin girman ainod ɗin ma yana da amfaninsa, domin mai bayit 128 ba ya iya riƙe kwanan watan da ya wuce 19 ga Janairun 2038.

Hasashen da ya dace da babban faifai shi ne ke cutar da ƙarami, kuma a nan lissafi ya fi bayani. Idan ba a gaya wa mke2fs komai ba, yana duba girman ɓangaren ya zaɓar masa aji. Ƙasa da megabayit 3 yana ɗaukarsa kamar fulofi. Daga 3 zuwa ƙasa da 512 aji ne na ƙanana, mai tubali 1,024 da ainod ɗaya ga bayit 4,096. Daga 512 zuwa terabayit 4 sai a koma ga 16,384. Saboda haka ɓangare mai megabayit 500 yana samun ainod kimanin 128,000, mai megabayit 600 kuwa kimanin 38,400. An ƙara fili da kashi ashirin cikin ɗari, yawan fayilolin da za a iya ajiyewa ya faɗo ƙasa da sulusi. Mai gigabayit 1 yana samun 65,536, wato kusan daidai da rufin Unix na 1975. Sai an kai gigabayit 2 kafin a koma adadin da mai megabayit 500 ke da shi. Wannan rami da ke tsakanin rabin gigabayit da 'yan gigabayit kaɗan shi ne inda yawancin masu wannan kuka suke faɗawa, kuma shi ne girman da ake yawan ba ɓangarori irin su /var da /tmp a tsofaffin kwamfutoci, da ƙananan sabar haya, da katin memori na na'urori irin Raspberry Pi. Mai haɗa ƙaramar saba da tsohuwar kwamfuta, a Miskine ta Bangui yake ko a Fagge ta Kano, yakan tsaga faifan nasa da awon megabayit kaɗai, alhali awo biyu ne.

Abubuwan da ke cika waɗannan ɓangarori kuwa jikokin Usenet ne. Akwatin wasiƙu irin Maildir yana ba kowace wasiƙa fayil nata. Shafin intanet da aka gina da PHP yana iya ajiye ɗan fayil ga kowane baƙo, idan aikin shara ya tsaya su taru dubbai. Saƙonnin da suka kasa fita suna cunkushewa a layin jira. A Ubuntu da danginta, kowane sabon kunshin kanun kernel yana zuwa da dubban ƙananan fayiloli, tsofaffin kuma suna nan sai an cire su. Idan ainod ya ƙare a irin wannan wuri, manhajar girka shirye-shirye da za a yi gyara da ita ma takan ƙi aiki, domin tana buƙatar ƙirƙirar fayil na wucin gadi. Sa'ar da ake da ita ita ce gogewa ba ta buƙatar sabon ainod. Umarnin du --inodes yana nuna foldar da ta fi cin su, a share ta, ko a ɗaure dubban fayilolin cikin ƙunshi ɗaya da tar a kai wani faifai.

Wannan duk magani ne na ranar. Gyaran asali sai an kwashe komai an sake fomatin, domin babu umarnin da ke ƙara yawan ainod a ɓangaren ext4 da girmansa bai canza ba. Faɗaɗa ɓangare da resize2fs yana kawo sababbin rukunai da nasu ainod, amma a kan ƙa'idar da aka yanke tun farko. Abin yana cizo ta ɗaya gefen ma: hoton tsarin da aka yi shi ƙarami aka kuma buɗa shi ya cika babban faifai yana tafe da ƙananan tubalansa da ainod da suka yi masa yawa. Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane. A ranar fomatin mke2fs yana karɓar -i a faɗa masa bayit nawa ga kowane ainod, ko -N a faɗa masa adadin kai tsaye, ko -T a zaɓi aji, kamar news ga ƙananan fayiloli ko largefile, mai ainod ɗaya ga kowane megabayit, ga faifan bidiyo. Farashin ba shi da wuyar lissafi. Da ainod mai bayit 256, ƙa'idar 16,384 tana cin kashi 1.6 cikin ɗari na faifai, ta 4,096 kuma kashi 6.25. A ɓangare mai gigabayit 1, bambancin megabayit 48 ne, a samu ainod 262,144 maimakon 65,536. Ga ɓangaren wasiƙu ko na fayilolin wucin gadi wannan ciniki ne mai riba ƙwarai. Sauka ƙasa da girman tubali kuwa ɓarna ce, tunda kusan duk fayil mai abu a ciki yana cin tubali ɗaya aƙalla.

Ba Unix kaɗai ta yi irin wannan yanke ba. Tsarin FAT na Microsoft, a nau'insa na 12 da 16, ya ƙayyade yawan shigarwar uwar folda: 224 a fulofi mai megabayit 1.44, 512 a manyan faifai. Masu tura waƙoƙi a tsofaffin katunan memori sun san wannan ko da ba su san sunansa ba. Kati yakan ƙi karɓar ƙari da sauran fili a cikinsa, musamman idan sunayen dogaye ne, domin dogon suna yana cin shigarwa fiye da ɗaya. Da an buɗe folda an zuba a ciki sai matsalar ta kau.

Wasu masu tsarawa sun zaɓi barin lissafin 1969 gaba ɗaya. XFS, wanda kamfanin Silicon Graphics ya fara a 1993, yana yanka ainod ne a lokacin da ake buƙatarsu, yana riƙe da sawunsu cikin tsarin bincike mai rassa. Red Hat ta mai da shi zaɓinta na farko a 2014. Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a Oracle a 2007, shi ma ba ya ƙayyade adadi, kuma Fedora ta koma kansa a kwamfutocin tebur a 2020. Sai dai ga mai ƙaramin ɓangare ba lallai su zama mafita ba. Kayan fomatin na XFS na yanzu suna ƙin ɓangaren da bai kai megabayit 300 ba. Btrfs kuma yana raba fili tsakanin ajiya da bayanan ajiya a manyan gutsattsari, a ƙaramin faifai ɗaya na iya ƙarewa ɗayan na da saura, a sake samun lamba 28 da fili a kwance. Debian da Ubuntu har yanzu ext4 suke ba mai girkawa idan bai zaɓi wani ba, kuma ɓangaren gigabayit 1 da aka yi wa fomatin yau ba tare da -i ba zai tsaya a fayil na dubu sittin da biyar da 'yan ɗaruruwa.